Babi na Bakwai: Ɗaura wa Babban Babur Ƙarfen Hana Rawa

Darasi na 1: Daga ina rawar take?

Sannunku da ƙoƙari, ɗalibai. Ku karanta a hankali, babu mai korar ku.

Wasu manyan baburan doguwar tafiya, irin Harley-Davidson Dyna da aka ƙera daga 1991 zuwa 2017, injinsu a kan roba yake zaune, don kada karkarwarsa ta gajiyar da mahayi. Ƙarfen da ke riƙe tayar baya kuwa a jikin akwatin giya aka ɗaure shi. To idan an sha kwana da gudu, roba ta ɗan ba da kai gefe, sai tayar baya ta bi ta. Nan za ka ji bayan babur yana rawa.

Ƙarfen hana rawa gajeriyar sanda ce mai ido a kowane kai. Kai ɗaya a jikin inji, ɗaya a jikin firam. Tana barin inji ya motsa sama da ƙasa, amma ban da gefe.

Darasi na 2: Ɗaurawa

Bari inji ya huce. Ka tsayar da babur cak a kan jak, a wuri mai lebur. Cak na ce, wato ba a jingine kan ƙafar gefe ba, domin jinginannen babur injinsa ya riga ya karkata.

Ka ɗaura farantai biyu da sandar za ta kama, ɗaya a jikin inji, ɗaya a jikin firam, ka juya notinansu da hannu kawai. Kada ka ɗaure tamau tukuna.

Yanzu ga inda kusan kowa ke tuntuɓe. Ka murza sandar, ta ƙara tsawo ko ta ragu, har idonta ya yi daidai da ramin faranti. Da yatsu biyu ka zura ƙusar da za ta haɗa ido da faranti. Ta shige salin-alin? Madalla. Ta cije? Ka zare ta, ka murza sandar rabin zagaye, ka sake gwadawa. Ko sau goma ne, babu kunya a ciki.

Na taɓa ganin ɗalibi ya ɗauko guduma, ƙusa ta shiga kuwa, yana ta murmushi. Da ya hau, karkarwa ta cika masa hannu da ƙafa, domin ya ja injin ya bar mazauninsa. Sanda ake gyara wa tsawo, ba inji ake turawa ba. Ku maimaita da baki: da yatsu biyu. Ba da guduma ba, ba da sifana ba. Haba jama'a, sau nawa zan faɗa? Wanda ya tilasta ƙusa, ya kwance ya koma farko, ba zan duba aikinsa ba.

Sai ƙusa ta shige da yatsu biyu, sannan ka ɗiga gam ɗin noti, ka ɗaure da sifana mai awo, daidai lambar da ke takardar kayan. Ka kulle ƙananan notinan sandar. Ka tabbata idanun biyu suna iya ɗan juyawa.

Darasi na 3: Abin da ƙarfen ba ya gyarawa

Tayar da ta cinye, ƙarancin iska, robar inji da ta tsage, boris ɗin wuya, wanda kan babur ke juyawa a kansa, da ya saki. Su ma suna sa babur rawa, ka duba su.

Darasi na 4: Gwaji

Sa hular kwano. Ka fara a hankali, a hanyar da babu cunkoso. Idan ka dawo, ka sake duba notinan, ko sun saki.