Yadda ake haɗa akwatin gilashi mai shuke-shuke don kiwon kwaɗin dafi a Damagaram

Kafin ka je wurin mai yankan gilashi, sayi ma'aunin zafi irin wanda yake riƙe lamba mafi sama da mafi ƙasa ta yini. Ajiye shi a ɗakin da kake son sa akwatin, ka riƙa rubuta abin da ya nuna kowace la'asar. Masu farawa ba sa yin haka. Sai su zuba kuɗi a kan shuke-shuke da fitila, akwati ya yi kyau a watan Janairu, Afrilu na kamawa su wayi gari kwaɗin sun miƙe ƙafafu a ƙarƙashin ganye.

Waɗannan ƴan kwaɗi, da tsawon yawancinsu bai wuce santimita 5 ba, ƴan dazuzzukan ruwa ne na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Mutanen Embera na Kolambiya ne suke goga tsinin ƴan kibiyoyinsu na hurawa a bayan wani mai ruwan ɗorawa, Phyllobates terribilis, daga nan sunansu na Turanci, wato kwaɗin dafin kibiya, ya fito. Dafin daga abincin daji yake zuwa, tururuwa da wasu ƙananan ƙwari, shi ya sa wanda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo ba shi da shi. Irinsa kaɗai za ka saya, kuma da takardunsa, domin cinikinsu tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji. A nan garin kada ka fara da kowa sai Dendrobates leucomelas, baƙi mai ratsin rawaya, ɗan ƙasar Benezuwela. A inda ya fito akwai lokacin rani, don haka ya fi ƴan uwansa haƙuri. Amma haƙurinsa ma yana da iyaka.

Iyakar kuwa ita ce: da rana digiri 22 zuwa 26, da dare ya sauka har 19 ko 18 ba laifi. Daga 28 kwaɗo ya fara wahala, ya daina ci, ya manne a jikin gilashi. In zafi ya haye 30 ya daɗe a can, mutuwa ce. Mu kuma a Afrilu da Mayu inuwa kanta tana wuce 40. Ga akwatin a rufe yake da gilashi, ga fitila a kansa, cikinsa kullum ya fi ɗakin zafi da digiri ɗaya zuwa uku. Ke nan ɗakin ne za ka riƙe a 24 ko 25, ba akwatin ba.

Ɗakin kwano marar silin ka cire shi daga lissafi. Soron ƙasa mai kaurin bango, irin na tsoffin gidajen Birni, ya fi kowane, domin bangon yana jinkirta zafin rana. Sai dai yana amayo shi da dare, don haka shi ma ka auna. Akwatin ya zauna nesa da taga, nesa da bangon yamma, a ƙasa-ƙasa, tun da zafi sama yake taruwa. Fanka ba ta sanyaya akwati rufaffe, iska kawai take juyawa, kada ta ruɗe ka. Na'urar nan mai hura iska ta cikin ruwa tana yin aiki sosai a Maris da Afrilu, lokacin da iska take a bushe ƙurmus, amma da zarar laima ta fara shigowa gab da damina sai ƙarfinta ya ragu, alhali zafin bai tafi ba. A wannan tsakanin ne, ƙarshen Mayu zuwa Yuni, aka fi yin asara. Abin da ke riƙe ɗaki da gaske shi ne kilim, kuma kilim ɗin da ke jiran wutar gari kaɗai bai isa ba, domin ranar da zafi ya fi tsanani ita ce ranar da wuta ta fi ɗaukewa. Sai da sola da batir da za su iya jan sa daga azahar zuwa magariba. Kuɗin wannan ya ninka na akwatin da kwaɗin gaba ɗaya, kuma wanda bai shirya masa ba gara ya tsaya a shuke-shuken kawai, su ma abin kallo ne.

Ko da kana da duk wannan, a firigo kada a rasa gorunan roba huɗu na lita ɗaya da rabi da suka daskare. In wuta ta tafi, ka kashe fitila nan take, ka kwantar da biyu a kan murfin, ka lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen tawul. Sanyi ƙasa yake gangarowa, zai kai inda kwaɗin suke. Kada ka sa ƙanƙara a ciki, kada kuma ka fesa musu ruwan firigo, sauyin zafi na farat ɗaya shi ma yana bugun su. Ƙa'idata a nan ita ce: haɗa akwatin a Fabrairu, ka bar shi ya ci bazara guda da shuke-shuke kawai, ma'auni na ciki. In bai taɓa wuce 27 ba, ka kawo kwaɗi a Nuwamba, bayan zafin Oktoba ya wuce.

Shi akwatin, tsawo santimita 60, faɗi 45, tsayi 45 ya ishi kwaɗi biyu ko uku. Gilashi mai kaurin milimita 5 ko 6, ƙofa ta gaba, kuma kada wata kafa ta wuce milimita ɗaya, in ba haka ba ƙudajen abincinsu za su cika maka ɗaki. A haɗa shi da silikon zalla irin na akwatin kifi. Wanda ake sa wa a banɗaki yana da maganin hana fumfuna a ciki, kuma kwaɗo ta fatarsa yake shan ruwa, komai ya taka ya shiga jikinsa. Bar silikon ɗin ya bushe har warin tsami ya tafi gaba ɗaya, mako guda ba yawa ba ne. Murfi ma gilashi ne, sai wata siririyar kafa mai faɗin santimita 3 ta gaba da za a rufe da lallausar ragar ƙarfe marar tsatsa. Da hunturu ka rufe rabin kafar da leda, domin buji yana zuƙe laimar akwati cikin sa'a guda.

Ƙasan akwati shi ne wuri na biyu da ake yin kuskure. Dole a sami matattarar ruwa ta santimita 7 a can ƙasa, wadda ƙasar shuka ba ta taɓawa. A ƙasashen waje ƙwallayen yumɓu gasassu ake zubawa. Mu ga tsingaro: tukwanen Mirriya da suka fashe, waɗanda ba a yi wa fenti ba, a farfasa su kamar girman goro, a wanke, a tafasa. Sun fi tsakuwa rashin nauyi, kuma kusan kyauta ne. A kusurwa ɗaya ka tsayar da guntun bututun roba da ya kai har ƙasa, ka yi masa ƴan yanka a gindi, ka toshe bakinsa da murfi don kada kwaɗo ya faɗa. Ta nan za ka riƙa zura siririn tiyo kana janye ruwa duk lokacin da ya kai santimita 4. In ka bari ya taɓa ƙasar shuka, saiwoyi za su ruɓe, ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, kuma babu gyara sai a kwashe komai.

A kan tsingaron ake shimfiɗa raga don kada ƙasa ta zurara. Nan fa ka kiyaye. Hannu yakan kai ga tsohon gidan sauro, kuma yawancin waɗanda ake rabawa masu magani ne, an saƙa maganin ƙwari cikin zarensu ta yadda wanki ba ya fitar da shi. Zai kashe ƙwarin akwatin, ya kashe kwaɗin. Sayi sabuwar ragar taga ta roba. Haka kuma ɗakin ya yi sallama da maganin sauro na fesawa da na hayaƙi da piya-piya, har turaren wuta a kai shi wani ɗakin. Mutanen gida duka su san da wannan, ba kai kaɗai ba.

Ƙasar shuka ba ƙasa ba ce. Yashi da laka suna dunƙulewa su hana iska, taki kuwa guba ne a nan. Haɗa kashi 2 na ɓawon kwakwa da aka yayyanka kamar girman gyaɗa, kashi 1 na lallausan zarensa, kashi 1 na gawayi dakakke ba lukui ba, da kashi 1 na busasshiyar gansakuka in ka samu. Jiƙa kwakwar ka zubar da ruwan sau uku, domin takan zo da gishiri. In ka matse haɗin a hannu, ya ɗiga kaɗan, ka saki ya warwatse, to ya yi. Zuba santimita 6, bayan ya fi gaba tudu. A sama ka baza busassun ganye masu kaurin yatsa biyu, na mangwaro ko na gwaba daga bishiyar da ba a yi wa feshi ba, a tafasa su minti 10. Ban da na dogon yaro, duk da shi ne ya cika tsakar gida, domin maganin ƙwari ne da kansa. Ban da na bishiyar turare. Masu farawa suna ƙyamar ganyen, suna son ƙasa shar da gansakuka kamar darduma, amma a ƙarƙashin ganye kwaɗo yake ɓuya ya yi farauta, kuma wanda yake da maɓuya ya fi fitowa fili.

Shuke-shuke kada su wuce iri biyar. Fotos, wanda ake sa wa a kwalba a ofisoshi, ba ya mutuwa. Ƙara Ficus pumila ya hau bangon baya, da Fittonia a inuwa, da Neoregelia biyu, dangin abarba ne masu riƙe ruwa a tsakiyar ganye. Su Neoregelia ba a binne su, ɗaure su ake yi a jikin reshe, in ka binne gindin ya ruɓe. Duk shukar da ta fito daga masu sayar da furanni ka kakkaɓe ƙasarta kaf, ka wanke saiwa da ganye. Fitila LED ce mai farin haske na 6500K, sa'a 12, a ɗaga ta santimita 5 daga murfi. Da bazara ka kashe ta daga azahar zuwa la'asar, shuke-shuken ba za su yi fushi ba.

Ruwan famfo yana da kilorin, na rijiyar burtsatse kuma yakan bar farin dabbare a gilashi. Tari ruwan sama a jarka mai tsabta, ban da na farkon damina da ya wanke ƙurar kwano. In ya ƙare sai tataccen ruwa irin na ƙarin batir, ka tabbata ba mai asid ɗin aka ba ka ba. Fesa sau biyu a rana, da hunturu sau uku, laima ta tsaya tsakanin kashi 80 da 95 cikin ɗari, amma ganye ya riƙa tsanewa tsakanin feshi da feshi. Kada ka yi musu tafki, ba gwanayen iyo ba ne. Ƴar tasa da ruwan bai wuce santimita ɗaya ba ta isa.

Daga nan ka zuba ƴan fararen ƙwarin nan masu tsalle, kolambola, da ƙananan isofod, ƴan ƙwarin da ke zama ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, su ne masu share fumfuna da kashin kwaɗi. Farar fumfuna za ta fito a kan itace a mako na biyu, ƙyale ta, za su cinye. Ƙafafun teburin su zauna cikin gwangwanayen ruwa saboda kiyashi.

Abinci ƙudajen ayaba ne marasa tashi, dorosofila, kuma ka iya kiwonsu wata guda kafin kwaɗi su iso. Dama ayaba da dafaffen dankalin turawa, cokalin binega, ɗan yis a sama, a kwalba mai murfin ƙyalle. Cikin kwana 12 zuwa 14 sababbi za su fito. Buɗe sabuwar kwalba kowane mako, ka yar da wadda ta yi wata. Su ma a ɗakin sanyin za su zauna, zafi yana kashe su. A kowane ciyarwa, kwana ɗaya bayan ɗaya, ka girgiza su cikin hodar kalsiyom mai bitamin D3, sau biyu a wata kuma da bitamin A, hodar a sake ta bayan wata shida. Kwaɗi iri ɗaya a akwati ɗaya, ba gauraye. Sababbin zuwa su yi wata guda a robar keɓewa da jiƙaƙƙen ganye, kana ganin kowa yana ci, sannan ka buɗe robar a cikin akwatin da yamma ka bar su su fito da kansu.