Kurakuran da ake yi wajen karanta cefanen kociyoyin jami'o'in Amurka

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai kociyan ƙwallon jami'a a Amurka ba zai zauna gaban 'yan jarida ya nuna wurin da yatsa ba, cewa zai yi yana alfahari da yaransa. Cefanen sababbin 'yan wasa da yake yi bayan an rufe kaka ne ke tona masa asiri. Hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ta buɗe rajistar 'yan wasa masu son sauya sheƙa a Oktoban 2018, a 2021 kuma ta bar ɗan wasa ya koma wata jami'a ya fara bugawa nan take, ba sai ya yi zaman shekara guda ba. Tun daga nan lokacin hutu ya zama ranar kasuwa, mu kuwa 'yan kallo mun fi karanta ta a baibai.

Babban kuskure shi ne ƙirga kawuna. A ce wane ya kwaso mutum talatin, shi ke nan an ba shi kofi tun ba a busa usur ba. Dubi Colorado. Deion Sanders ya karɓi ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'ar a Disambar 2022, bayan ta ci wasa 1 kacal cikin 12. Ya share gida kusan kakaf, ya zo da ɗansa Shedeur a matsayin mai jefa ƙwallo, ga kuma tauraron ɗan wasa Travis Hunter. Suka ci wasa uku na farko, har da jami'ar TCU wadda ta buga wasan ƙarshe na kofin ƙasa a kakar da ta gabata, duniya ta ɗauka. Kaka ta ƙare da nasara 4, rashin nasara 8. An kayar da Shedeur da ƙwallo a hannu sau 52, saboda ƙartin nan biyar da ke yi masa katanga ba su tare komai ba. Da sanyi ya shigo, ina Sanders ya nufa? Wajen masu katanga, ya kwaso su da yawa, har da matashi Jordan Seaton. A 2024 suka ci wasa 9, duk da cewa Shedeur bai daina shan ƙasa ba. Gyaran ba wuya: ɗauki jerin sababbin, ka raba su gurbi-gurbi. Inda ka ga an tara mutum huɗu ko biyar, nan rufin ke zuba.

Sai ruɗuwa da suna. Florida State ta ci wasa 13 a jere a 2023, manyan 'yan wasanta suka tafi, ta ɗauko mai jefa ƙwallo DJ Uiagalelei daga Oregon State da wasu daga manyan jami'o'i. A 2024 wasa 2 ta ci cikin 12. Tambayar da ta dace a kan sabon zuwa ita ce wasa nawa ya fara a inda ya baro, kuma me ya sa aka sake shi.

Da yawa kuma ba sa duba mataimakan koci sam, alhali nan ne ake fi faɗin gaskiya. Lincoln Riley, kociyan jami'ar USC, ya kori mai kula da tsaron baya, Alex Grinch, a Nuwambar 2023 bayan Washington ta zuba musu maki 52, ya ɗauko D'Anton Lynn daga maƙwabciyarsu UCLA. A Iowa ma, ƙungiyar ta ci wasa 10 a 2023 amma harinta ne na kashin baya a rukunin manya, jami'ar ta rabu da mai kula da harin, Brian Ferentz, ɗan babban kociyan ne kuwa na cikinsa. In an canza mataimaki aka bar 'yan wasa, koci na ganin laifin tsari ne. In an canza duka biyun, to abin ya yi tsamari.

Akwai masu firgita da yawan fita. Ba kowace ƙaura ce alamar rauni ba. Lokacin da John Calipari ya bar Kentucky zuwa Arkansas a Afrilun 2024, Mark Pope ya gaji ƙungiyar ƙwallon kwando da babu ko ɗaya daga cikin masu tallafin karatu na bara, amma ya kai ta zagayen 'yan 16 a gasar ƙasa. A ƙwallon Amurka, Curt Cignetti kuma da ya koma Indiana, ya taho da mutum 13 daga James Madison inda ya baro, sai Indiana da ta ci wasa 3 a 2023 ta ci 11 a 2024. Wannan ba toshe ɓaraka ba ne, mutum ne ya taho da waɗanda suka san hannunsa. Cefanen sabon koci a shekararsa ta farko bai cika faɗin komai ba, na shekara ta biyu ya fi magana.

Bayan yarjejeniyar House, wato sulhun ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA a kan biyansu kuɗi, wadda kotu ta amince da ita a Yunin 2025, an ba jami'a damar biyan 'yan wasanta kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, an kuma ƙayyade ƙungiyar ƙwallon Amurka a mutum 105. Saboda haka wani da ka gani a rajista ba gudu ya yi ba, ƙofa aka nuna masa. Kafin ka ce gida ya watse, duba ko masu fara wasa ne suka fita ko 'yan ɗumama benci.