Babi na Shida: Takardar Kai Ɗan'uwa Asibiti

Darasi na ɗaya: layi huɗu

Iyayena da 'yan'uwana, kowa ya buɗe sabon shafi. Tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a watan Afrilun 2023, garuruwanmu daga Maiwurno zuwa ƙauyukan Sinnar suka cika da baƙi. Wasu a rumfunan kasuwa suke kwana, wasu a harabar masallaci, cikinsu har da samarin da tiramol ko bango (wato wiwi) ko araki (wato barasa) ya kama. Asibitin Tijani al-Mahi na Omdurman, inda ake duba masu larurar ƙwaƙwalwa, ya yi mana nisa. Ma'aikacin lafiyar garinmu shi ne na kusa, shi kuwa kullum ƙofarsa cike take. Ƙaramar takarda za ta rage masa aiki.

Ja layi huɗu. Fara rubutu daga hagu, domin yau boko muke yi, ba ajami ba. A layin farko rubuta sunan da ake kiran mutumin da shi, da shekarunsa. In bai san shekarun ba, ƙiyasta. A na biyu rubuta abin da yake sha, yadda ya faɗa da bakinsa. In ƙwaya ce, nemi kwalin ka kwafe abin da ke jiki harafi bayan harafi, har da lambar, ko 50 ce ko 225. A na huɗu rubuta inda ya kwana jiya. Layi na uku darasi ne shi kaɗai.

Darasi na biyu: yaushe ya sha na ƙarshe?

A layi na uku za ka rubuta rana da lokacin da ya sha na ƙarshe. Rana, sannan lokaci. Ku maimaita da ni: rana, sannan lokaci.

Ga dalili. Wanda ya saba shan araki kullum, in ya daina kwatsam, cikin awa 6 zuwa 24 hannunsa yakan fara rawa, zufa ta keto masa. Kwana na biyu da na uku su ne mafi haɗari: jijjiga, gane-gane, wani har ya rasa ransa. Mai tiramol ma yakan sha wuya da ciwon jiki da rashin barci. Daga wannan layi ma'aikacin lafiya zai fara lissafi, ya san ko ya ba shi magani ya koma gida, ko ya tura shi babban asibiti a ranar.

"Kwanan nan" ba amsa ba ce. "Ya jima" ba amsa ba ce. Rubuta haka: Talata, bayan Isha'i. In bai san ƙarfe nawa ba, babu komai, lokutan salla sun ishe mu. Gwada wani: Juma'a, kafin La'asar. Hannunki na rawa, Inna? Ɗaga fensirin ki huta, ki sake. Madalla, kin iya.

Kada ka tambaye shi a gaban jama'a, zai ji kunya ya ɓoye. Ja shi gefe, ba shi shayi, ka ce, "Ɗana, ba faɗa zan yi maka ba, don magani nake tambaya. Yaushe ne na ƙarshe?" Abin da ya faɗa, shi za ka rubuta. Rana, sannan lokaci.

Na duba littattafanku, da yawa sun cike sauran layukan sun bar na uku fanko. Haba Baba! Ranar da tunkiyarka ta haihu ba ta taɓa ɓace maka ba, sai wannan ce za ta gagare ka? Wasu kuma na ji suna cewa gara a kulle yaro a ɗaki, a sa masa mari har abin ya fita daga jikinsa. Ku ji tsoron Allah. A cikin kwanakin nan ne fa jijjiga ke zuwa, ga shi babu kowa kusa da shi. Ku koma layi na uku yanzu ku cike, ina jira.

Darasi na uku: wurin kwana

Wanda ya karɓi magani ya koma kwana a tasha, can zai tarar da masu sayar masa. A yi gayya, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira nafir, a kafa masa rumfa kusa da gidan wani dattijo. Rubuta sunan mai kawo kara, da mai zana, da mai igiya, kowane suna a layinsa. Abinci a nema a takiyyar unguwa, inda ake dafa abincin sadaka. Limami zai iya taya ku rubuta wa Diwanin Zakka takardar neman taimako.

Darasi na huɗu: ranar komawa

Duba katin asibiti da kyau. A lambobin Larabci, ٥ biyar ce, ba sifili ba. Sifili ɗigo ne. Kwafe ranar komawa a littafinka.

Aikin gida: rubuta ranakun mako bakwai da lokutan salla biyar, ka kawo ranar Asabar.