Gyaran injin fitilar da ke ɗagowa a tsoffin motocin tsere

Duk mai Mazda MX-5 ta farko ko Corvette C5 ya san wannan ciwon kan: ka kunna fitila, ido ɗaya ya buɗe, ɗayan ya yi lumshe. Tun 2004 aka daina ƙera irin waɗannan fitilu, don haka wanda kake da shi sai lallaɓawa.

Ni da kunne nake fara bincike. In ka kashe fitilar ka ji ƙaramin injin da ke ɗaga ta yana ta gurnani bayan murfin ya kwanta, to haƙoran giyar roba da ke ciki ne suka cinye. Wannan cuta ce ta C5. Kwance injin, cire tsohuwar giyar, ka sa ta tagulla, ka shafa mata giris sabo. Tsohon giris ɗin yakan daskare kamar ƙaro, shi ke sa injin wahala tun kafin giyar ta lalace. Wasu suna juya giyar robar zuwa gefen da bai ci ba. Yana aiki, amma ni ban yarda da shi ba, dabarar jiran kuɗi ce kawai.

In kuwa shiru ka ji, duba fis da wayar da ke haɗe da jikin mota, tsatsa ta fi kama nan.

Akwai ɗan abin murɗawa a kan injin, da shi ake ɗaga fitilar da hannu. Kafin ka taɓa shi, cire wayar batir. Na taɓa mantawa, injin ya farka, ya matse min yatsa sai da farce ya yi baƙi.

Sandar da ke tura murfin ma a ɗiga mata mai lokaci-lokaci.