Yadda ake gina gidan sarautar elf na duhu da zai hana masu wasa barci

Salam 'yan'uwa masu rubuta labaran ƙirƙira da masu wasan Dungeons & Dragons, wato wasan da ake zama a ƙirƙiri labari tare, mutum ɗaya na jan labarin, sauran kowa na taka rawar jaruminsa ana jefa ɗan ludo, nasan dai mu ƙalilan ne a nan Garwa ta Kamaru, yawancinmu ma ɗan ludon nan mai fuska 20 a waya muke jefa shi don ba a samunsa a kasuwa. Ƙannena da abokansu da muke zama dasu a Yelwa daren Asabar sun dame ni in rubuta yadda na gina gidan nan da ya addabe su wata uku, to gashi.

Ga wanda bai sani ba, elf wata halitta ce ta tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai, kuma wani marubucin Aisland, Snorri Sturluson, tun wajen shekarar 1220 ya raba su gida biyu, na haske da na duhu masu zama ƙarƙashin ƙasa. Wasan Dungeons & Dragons kuwa ya fito a Amurka a 1974, sai a 1977 sunan drow ya fara bayyana a cikinsa, su ne elf na duhu ɗin: farin gashi, baƙar fata, ido mai gani cikin duhu, rana tana wahalar dasu, suna rayuwa ɗaruruwan shekaru, mata ke mulki, kuma suna bautar wata gizo-gizo da ake kira Lolth. Abu ɗaya nake roƙo, kar ka fassara su da aljanu. Aljani a wurinmu gaskiya ne, yana cikin Alƙur'ani, su kuwa waɗannan ƙirƙira ce zalla, in ka haɗa su zaka jawo ma kanka rigimar da babu dalili da iyayen yaran da kake wasa dasu.

Mataki na farko: nemo abinda gidan ya riƙe a hannu

Nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Sai mutum ya buɗe kaye, wato littafin rubutu, ya fara da sihiri, uwar gidan tana harba wuta, tana tashi sama, tana da sojoji dubu kaza, to daga ina take ciyar dasu? Ni ma haka na yi a karon farko, gida mai ƙarfi ta ko ina babu kafa, wlh ko awa ɗaya ba a yi ba yaran suka fara duba waya, biyu suka tafi kallon ƙwallo, abin ya yi min ciwo sosai don na kwashe sati biyu ina rubutawa. Daga baya na gane cewa tsoro baya zuwa daga ƙarfin damtse, yana zuwa ne daga buƙata. Tuna rijiyar Kusugu a Daura, macijin nan bai ci garin da yaƙi ba, ruwa kawai ya tsare sai ranar Juma'a, kuma gari guda ya durƙusa masa. To a ƙarƙashin ƙasa inda ba damina ba rana ba gero, me ake mutuwa in babu shi? Ruwa mai daɗi, gishiri ko kanwa, gonakin naman kaza da ake ci a madadin hatsi, da kuma hanya, wato ramin da fatake ke bi su fita doron ƙasa. Zaɓi ɗaya tak. Nawa gidan ruwa na ba shi, na sa masa suna Gidan Rijiya Bakwai, duk birnin sai an sayi ruwa a hannunsu, kuma duk gidan da ya yi musu rashin kunya sai kawai a ce ai guga ya tsinke, ana gyara, kwana goma ana gyara. Duk wanda ya taɓa yin layi da jarka a watan Afrilu a garin nan, zafi ya haura digiri 40 famfo ya ƙafe, baya buƙatar in yi masa bayanin irin wannan mulkin, da na faɗa a kan tabarma sai da kowa ya yi tsit.

Mataki na biyu: jera sarautu, kuma ka ɗauko daga gida

Tunda mata ke mulki, ba sai ka je nesa neman misali ba. Daura sarauniyoyi suka mulke ta kafin zuwan Bayajidda. A Borno akwai Magira uwar Mai, wato sarki, da Gumsu uwargidansa, da Magaram 'yar'uwarsa, kowacce da ikonta da mutanenta. Ni a saman gidana na ɗora Magajiya, shekararta ta haura 600, ta binne 'yan'uwanta mata huɗu kuma ba wanda ya isa ya tambayi me ya kashe su. Ƙarƙashinta akwai Iya mai riƙe da ɗakin tsafi, sai Uwar Soro mai makullan rijiyoyi da rumbuna, sai Jakadiya wadda ita kaɗai ke shiga ta fita da magana. Maza sai na basu aikin hannu da makami, Sarkin Dogarai, Madaki mai jan yaƙi, da boka guda ɗaya da ake buƙatarsa amma ba a yarda ya zauna a kan shimfiɗa ba.

Sannan ka juya kishi. A gidan sarautar da muka sani mata ke kishi a kan sarki, 'yan uba ke haƙon juna. A nan mazaje ne ke kishi a kan Magajiya, ta ɗauki wanda take so ta sauke wanda ta gaji dashi, 'ya'ya duk ciki ɗaya amma uba daban daban, kuma kowane uba yana tura 'yarsa gaba a ɓoye don ya san ranar da wata ta hau gado shi da tasa sun shiga uku. Ka lura da tsawon ransu ma, 'yar fari da ta shekara 300 tana jiran gado kuma uwar ko tari bata yi, me kake zaton take saƙawa a zuci in ta durƙusa gaisuwa da safe?

Mataki na uku: suna, tambari da kirari

Wannan bazan daɗe a kai ba. Suna ya zama wanda baki zai iya faɗa, ba irin masu cike da baƙaƙe da sai ka tsaya ka haɗa su ba. Tambarin gidana guga ne da igiyar saƙar gizo. Kirari kuwa dole ne, gidan sarauta ba maroƙi ai kango ne, nawa ga shi: Rijiya mai bakwai, kin sha mai haƙa kin sha mai ɗiba, wanda ya leƙa ki ya ga kabarinsa. Duk sanda Jakadiya zata shigo sai in buga ƙasan tire ɗin shayi sau uku in yi kirarin da ƙaramar murya, zuwa sati na uku da sun ji bugun farko suke gyara zama.

Mataki na huɗu: gina fadar yadda za a ji ta a jiki

Wanda ya taɓa zuwa garin Rai Buba a nan arewacin Kamaru ya ga doguwar katangar fadar Lamiɗo da dogarai a ƙofa, ya san cewa kwarjinin wurin yana cikin abinda ba a bari ka gani ba. Haka zaka yi. Kar masu wasa su ga Magajiya da wuri, su wuce zaure bayan zaure, kowane zaure a karɓe musu wani abu, a na farko takalma, a na biyu makamai, a na uku fitila, har su isa gabanta cikin duhun da ita tana ganinsu su basa ganinta, murya kawai daga bayan labule. Siffar wurin kuwa duwatsun Rumsiki na ɗauko, dogayen nan masu tsini da ke tsaye su kaɗai a ƙasar Kapsiki da ke can arewacin Kamaru, sai na kifa su, suna reto daga rufin kogo, an fafe cikinsu an yi ɗakuna, gadojin igiya na haɗa su. Har bokan na can na aro, a Rumsiki akwai mai duba da ƙaguwa, yana saka ta cikin tukunya da ruwa da yashi da 'yan itatuwa ya duba yadda ta watsa su, nawa bokan gizo-gizo yake sakawa a ƙwarya ya karanta saƙarta da asuba. Ka basu wari da sauti kuma, ɗigar ruwa da bata tsayawa, warin danshi, sanyin dutse a tafin ƙafa.

Mataki na biyar: doka, da tsagar bango

A shahararren birnin drow na wasan, Menzoberranzan, gidaje takwas na sama ke zaman majalisa, kuma dokarsu ita ce in gida ya kai ma wani hari ya shafe shi kaf babu ɗan sarauta ko ɗaya da ya tsira ya ba da shaida, to ba a yi laifi ba, in kuwa mutum ɗaya ya kuɓuta ya kai ƙara, sai birnin ya taru ya shafe maharan. Ba sai ka kwafe ta ba amma ka ga amfaninta, doka ɗaya ce ta haifi labari ɗari. Tawa ita ce ba a zubar da jini kusa da ruwa, duk wanda ya yi an kori zuriyarsa zuwa doron ƙasa inda rana zata cinye musu ido, shi yasa a gidan nan ba a kisa da wuƙa, sai guba da bashi da aure.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to kai ne zaka tsaga shi da hannunka tun kafin a fara wasa. Sirrin gidana shi ne rijiyoyi uku cikin bakwai sun ƙafe shekara 40 da suka wuce, ana ɗebo ruwa daga sauran cikin dare ana zubawa don kar birni ya gane, mutum uku kaɗai suka sani, kuma Uwar Soro ta fara tunanin sayar da maganar. Rubuta ma kowane babba a gidan layi uku a kaye: me yake so, me yake tsoro, wa yake ƙauna. Na ukun nan kar ka tsallake shi, Magajiyata tana son autanta namiji so na gaske a birnin da ɗa namiji ba komai bane, kuma ɓoye son take yi don kar yayyensa su gane inda zasu soke ta.

Mataki na shida: maganar baƙar fata

Wannan ta daɗe tana ci min rai. Yadda aka fara zana su, fararen elf su ne na kirki, baƙaƙen su ne mugaye tun daga haihuwa, kuma ni bazan zauna gaban yara baƙaƙe 'yan lise, wato sakandare, in koya musu haka da bakina ba. Kamfanin wasan da kansa, Wizards of the Coast, ya fito a 2020 ya ce zai gyara yadda ake nuna drow. Mu ba sai mun jira kowa ba. Muguntar gidan ta fito daga tsarinsa, daga riƙe ruwa da tsoron juna da abinda Iya ke wa'azi a ɗakin tsafi, kuma ka saka masu kirki a birnin, mai ga-ruwan da ke rage ma tsofaffi kuɗi, dogarin da ya kau da kai yaro ya sha. Gizo ma a wurinmu ai ba dodo bane, mai wayo ne mijin Ƙoƙi, don haka a birnina talakawa suna da nasu labarin gizo-gizon daban da wanda fada ke koyarwa, suna ba 'ya'yansu a ɓoye.

Mataki na bakwai: shigo da masu wasa ta ƙofar bashi

Kar ka fara da faɗa. Bari gidan ya yi musu alheri tukuna, ni sai da na bari ƙishirwa ta kusa kashe su a rami sannan Jakadiya ta bayyana da tulu ta basu kyauta da fara'a, suka sha suka yi godiya, kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski, bayan zama biyu ta dawo da saƙon Magajiya cewa akwai wata 'yar gidan da ta tsere da makullin rijiya ta biyar, a dawo da ita. Da suka kamo yarinyar sai ta faɗa musu rijiyar ƙafaffiya ce, makullin take so ta kai majalisa. A daren an ɗauke wuta, muna zaune da tocilan waya a tsakiyar tabarma shayi ya huce, suka kwashe kusan awa guda suna gardama ko su miƙa ta ko su raka ta, ƙaramarsu har idonta ya ciko ta ce yaya ai in suka faɗa birnin zai kashe juna a kan ruwa, in suka yi shiru kuma yarinyar ce zata mutu. Ban jefa ɗan ludo ko sau ɗaya ba a wannan awar. Daga ƙarshe raka ta suka yi, kuma Asabar mai zuwa Sarkin Dogarai yana jiransu a gadar igiya ta biyu.