Kurakuran da sababbin ma'aikata ke yi wajen taɓa kasafin kuɗin jiha

Na gaji da ganin sababbin jami'an kuɗi suna faɗawa ramin da na faɗa. Babban kuskuren shi ne ɗaukar umarnin babba a matsayin izinin doka.

Kasafin da majalisar dokoki ta amince da shi, gwamna ya rattaba hannu, doka ne. A Najeriya, sashe na 120 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana fitar da kuɗi daga babban asusun jiha sai da dokar kasafi, ko ta ƙwarya-ƙwaryar kasafi, ko abin da kundin da kansa ya ɗora wa asusun. Amincewar majalisar zartarwa ba ta maye gurbin wannan.

Ina sabon ɗauka, shugabana ya kira ni ya ce in kwashe kuɗin gyaran gine-gine in biya kuɗin wani taro. "Ka yi kawai, takarda na nan tafe." Na ce to ranka ya daɗe, na cike bauca, wato takardar biyan kuɗi, na sa hannu. Takardar ba ta zo ba har yau. Da masu binciken kuɗi suka iso, sa hannuna suka gani, shi kuwa tuni an yi masa canjin wurin aiki. Ni na sha takardar tuhuma, ƙarin girmana ya tsaya cik. Don Allah ku daina jin kunyar neman umarni a rubuce! Ni tun daga ranar, sai na ga takarda, na kuma duba dokar kasafin shekarar da ka'idojin kuɗi na jihar don in san wa ke da ikon sauya wa kuɗi gurbi. Idan majalisa ce, fayil ɗin ya jira majalisa, ko wa zai yi fushi.

Na biyu, asusun ko-ta-kwana. Wasu sun mai da shi aljihun baya. Sashe na 123 ya keɓe shi ga buƙatar gaggawa wadda ba a hango ba, kuma dole a kai wa majalisa ƙarin kasafi don mayar da abin da aka ɗiba. Taron da aka san ranarsa tun bara ba gaggawa ba ne.

Idan shekara ta shiga ba a zartar da kasafi ba, sashe na 122 ya ba gwamna damar kashe kuɗi na tsawon wata shida kacal, kuma ba zai wuce abin da aka amince a daidai lokacin a bara ba.

Adadin da ke cikin kasafi iyaka ce, kada ka ba da aiki sai ka ga an saki kuɗin.

Rahoton babban mai binciken kuɗi kuwa majalisa ake kai wa, kwamitin asusun gwamnati ya yi ta kiran mutane a kai. Shi ya sa nake ajiye kwafin kowace bauca da na sa wa hannu, haɗe da takardar da ta ba ni izini.