Darasi na Bakwai: Yadda Ake Janyo Baƙi Zuwa Shafin Kasuwanci na Intanet

Mutane da yawa sukan biya a gina musu shafi mai kyau a intanet, sannan su naɗe hannu suna jira. Wata ya zo ya wuce, wani ya biyo baya, babu wanda ya leƙo sai su da wanda ya gina musu shafin. Dalilin a fili yake. Shagon da ke bakin hanya, mai wucewa zai gan shi ko bai yi niyya ba. Shafin intanet kuwa ba shi da bakin hanya. Kafin mutum ya shigo, sai dai ya san adireshin, ko wani ya nuna masa, ko kuma ya nemi wani abu a injin bincike sai shafin ya fito. Waɗannan hanyoyi za mu bi a wannan darasi.

Kafin mu fara, ku riƙe kalmomi uku. Baƙo shi ne duk wanda ya buɗe shafinku a wayarsa ko a kwamfutarsa. Injin bincike shi ne wurin da ake rubuta tambaya a samu jerin shafuka, kamar Google ko Bing. Mahaɗi shi ne rubutu ko hoton da idan an danna shi zai kai mutum wani shafi.

Yadda injin bincike yake zaɓe

An kafa kamfanin Google a 1998. Waɗanda suka kafa shi, Larry Page da Sergey Brin, ɗalibai ne a Jami'ar Stanford ta Amurka a lokacin da suka fara aikin. Injin nasu yana da manhajoji da ke yawo dare da rana daga shafi zuwa shafi, suna bin mahaɗai. Abin da suka karanta sai su adana shi a wani babban kundi. Idan mutum ya rubuta tambaya, daga wannan kundi ake zaƙulo masa amsa, a jera shafukan, wanda aka ga ya fi dacewa a sama.

To, a nan akwai abu biyu. Shafin da bai shiga kundin ba, ba zai taɓa fitowa ba. Wanda ya shiga amma aka jefa shi can ƙasa, shi ma kusan haka yake. Ku tambayi kanku: yaushe rabonku da buɗe shafi na biyu na sakamakon bincike?

Shiga kundin ba shi da wahala. Google yana da wani dandali na kyauta mai suna Search Console. Ku yi rajistar shafinku a can, ku miƙa taswirar shafin, wato jerin duk adiresoshin da ke cikinsa. Wanda ya gina muku shafin ya san yadda ake yi. Idan bai yi ba, ku sa shi ya yi, kuma ku tabbata da imel ɗinku aka yi rajistar, don ko kun rabu da shi, mabuɗin yana hannunku.

Ku yi magana da bakin mai saye

Wannan shi ne sashen da ya fi kowanne muhimmanci, don haka za mu ɗan daɗe a kansa.

Mu ɗauki misalin mai gyaran waya. Ya buɗe shafi, ya rubuta a samansa: "Barka da zuwa. Mu ne kan gaba wajen inganci da gaskiya." Maganar ba ta da laifi, sai dai babu wanda zai zauna ya rubuta ta a injin bincike. Wanda wayarsa ta lalace abin da zai rubuta shi ne: "wayata ta faɗa ruwa me zan yi", ko "batirin waya yana saurin ƙarewa", ko "inda ake canza gilashin waya". Idan babu waɗannan kalmomi a shafin mai gyaran, injin ba shi da dalilin haɗa shi da mai tambayar, alhali kuwa shi ne zai iya share masa hawaye.

Ina ake samun kalmomin? Suna bakin abokan cinikinku. Ku ajiye ɗan littafi, ku riƙa rubuta duk tambayar da aka yi muku, da baki ko ta waya, daidai yadda mai tambayar ya furta ta, ba tare da kun gyara masa ba. Cikin mako biyu za ku ga wasu tambayoyin suna ta dawowa. Akwai kuma wata dabara: ku fara rubuta sunan hajarku a Google, kada ku ƙarasa. Zai kawo muku ƙarashen magana iri-iri, kuma yawancinsu daga abin da mutane suke nema ne. Google Trends, shi ma kyauta, yana nuna lokutan shekara da neman wani abu yake hawa da lokutan da yake sauka.

Kowace tambaya mai nauyi ku ba ta shafinta daban. Kowace haja ma haka. Wanda ya cusa kaya arba'in a shafi ɗaya ya rikita injin, ya rikita baƙo. Ku sa wa kowane shafi take gajere mai faɗin abin da ke ciki, domin shi ne layin da ake gani a sakamakon bincike, kuma idan ya wuce haruffa sittin ko makamancin haka, akan gutsure ƙarshensa. Amsar ta zo a layukan farko, bayani ya biyo baya. Hotuna kuma a rubuta musu ɗan bayani a gurbin da aka tanada. Injin yana karanta shi, manhajar da ke karanta wa makafi shafi ita ma da shi take aiki.

Wani ɗalibi zai ce: idan na faɗa wa mutane yadda za su ceci wayar da ta jiƙa, ai na koya musu aikina. Ba haka abin yake tafiya ba. Wanda ya karanta bayaninku ya ga ya yi masa amfani, ranar da matsalar ta fi ƙarfinsa sunanku zai fara faɗo masa.

Akwai masu son gajeriyar hanya. Wani ya maimaita kalma ɗaya sau hamsin a shafi, wani ya kwaso rubutun wasu ya liƙa a nasa. Da can irin wannan yakan yi aiki. A 2011 Google ya fito da wani gyara da ake kira Panda, wanda ya ture shafukan da ba su da abin kirki a ciki zuwa ƙasa, kuma tun daga nan bai daina irin waɗannan gyare-gyare ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Rubutu goma da kuka yi daga abin da kuka sani da hannunku sun fi ɗari na kwafe.

Waya da sauri

Ku buɗe shafinku a waya, ba a kwamfuta kaɗai ba, kuma ku gwada a ƙaramar waya, a wurin da sabis ba shi da ƙarfi. Rubutun yana karantuwa ba sai an buɗa shi da yatsu ba? Maɓallan suna dannuwa? Tun watan Afrilu na 2015 Google ya fara fifita shafukan da suka dace da waya ga masu bincike ta waya, kuma a yanzu siffar shafi ta waya ita ce yake dubawa wajen jera shi.

Abin da ya fi nauyaya shafi shi ne hotuna. Hoton da aka ɗauka da waya aka ɗora shi yadda yake yana cinye datar baƙo, yana kuma sa shi jira. Ku rage girmansa kafin ku ɗora. Akwai ma'auni na kyauta mai suna PageSpeed Insights: ku sa adireshinku, zai nuna muku inda matsala take. A ma'aunin Google, babban abin da ke shafi ya kamata ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5.

Sai ku duba farkon adireshin. Idan http ne babu harafin s a ƙarshe, manhajar Chrome tana nuna wa baƙo cewa shafin ba shi da tsaro, abin da ta fara yi wa duk irin waɗannan shafuka a 2018. Takardar shaidar da ke mayar da shi https ana samun ta kyauta daga wata cibiya mai suna Let's Encrypt.

Abin da wasu ke faɗa a kanku

Dabarar da ta ɗaukaka Google tun farko ita ce ƙirga mahaɗai. Idan wani shafi ya sa mahaɗi zuwa naku, kamar ya yi muku shaida ne, kuma shaidar shafi mai mutunci ta fi ta wanda ba a san shi ba nauyi. Ku nemi irin wannan shaida a inda ta dace: kamfanin da kuke saro kaya a wurinsa, ƙungiyar masu sana'arku, jaridar da ta taɓa yin labarinku. Masu sayar da mahaɗai dubu a farashi ɗaya kuwa, ku guje su. Gyaran da Google ya yi a 2012 mai suna Penguin saboda irinsu aka yi shi.

Idan kasuwancinku yana da wurin da ake zuwa, ku buɗe masa Google Business Profile. Kyauta ne, kuma shi ne yake sa ku fito a taswira tare da lambar waya, lokutan buɗewa da adireshin shafinku. Ku roƙi waɗanda suka ji daɗin cinikinku su rubuta ra'ayinsu a can. Wanda ya rubuta ƙorafi ku amsa masa cikin ladabi, domin masu karanta amsar sun fi shi yawa. Kada ku sayi yabo, kada ku rubuta wa kanku da sunan wani.

Dandalin sada zumunta da imel

Facebook, Instagram, TikTok, YouTube, duk wuraren taruwar jama'a ne, kuma inda jama'a suke nan ake shela. Amma ba sai kun shiga duka ba. Ku zaɓi ɗaya ko biyu inda masu sayen hajarku suka fi zama, ku riƙa sa abu a kai a kai, kowane da mahaɗin da zai kai mutum shafin da ya dace. Mai kallon bidiyon takalmi a kai shi shafin wannan takalmin, kada a jefar da shi a shafin farko ya yi ta lalube. Haka a WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018, akwai gurbin sa adireshin shafi.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, waɗannan dandali ba naku ba ne. Masu su suna canza dokoki lokacin da suka ga dama, suna iya rage yawan masu ganin saƙonku, suna iya rufe asusu. Kayan aro ba ya rufe katara. Saboda haka ku riƙa tara adiresoshin imel na waɗanda suka yarda ku aiko musu da saƙo, ku kuma ba kowa hanyar fita idan ya gaji. Aika wa wanda bai nema ba yana sa a jefa saƙonninku kwandon shara, a wasu ƙasashen ma laifi ne. Tarayyar Turai, alal misali, tana da doka mai tsauri kan bayanan mutane da ta fara aiki a 2018.

Kada kuma ku manta da takarda. Adireshin shafinku ya hau rasit, ya hau kwalin kaya, ya hau allon shago. Lambar QR, wannan zane mai kusurwa huɗu da kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙira a 1994, tana hutar da mutum rubuta adireshi: ya haska ta da kyamarar waya, shafin ya buɗe.

Tallar kuɗi

Duk abin da muka faɗa yana ɗaukar lokaci, sau da yawa watanni. Mai gaggawa yana iya biyan talla a Google Ads, wanda ya fara a 2000 da sunan AdWords, ko a Facebook. A tallar bincike, yawanci sai an danna ake cajin ku. Ku fara da kaɗan, ku sa iyakar abin da za a kashe a rana, ku zaɓi yankin da kayanku za su iya kaiwa. Ranar da kuɗi ya ƙare, baƙin talla sun tsaya. Shawarata ita ce kada ku biya talla sai kun gyara shafin, in ba haka ba kuna zuba ruwa a rariya ne. Wanda kuma ya ce ku ba shi kuɗi ya tabbatar muku da matsayi na ɗaya a Google, ku riƙe kuɗinku. Google da kansa ya ce babu mai iya ba da wannan tabbaci.

Ƙirga abin da ya kamata

Search Console zai nuna muku kalmomin da mutane suka rubuta har suka gan ku, da yawan waɗanda suka danna. Google Analytics, wanda yake nan tun 2005, zai nuna daga ina baƙi suka zo da shafin da suka fi buɗewa. Ku duba sau ɗaya a mako ya isa. Lambar da ta fi daraja ita ce ta waɗanda suka kira, ko suka aiko saƙo, ko suka saya. Akwai masu sayar da "baƙi dubu goma", yawancinsu manhajoji ne marasa aljihu. Idan kun ga baƙi suna zuwa amma ba a kira, ku duba ko lambar wayarku tana inda ido zai gan ta, ko farashi da yadda ake kai kaya suna a bayyane.

Aikin wannan mako

1. Ku rubuta tambayoyi biyar da abokan ciniki suka fi yi muku, da kalmominsu.
2. Ku zaɓi ɗaya, ku rubuta mata amsa a layi goma, ku sa mata take da bai wuce haruffa sittin ba.
3. Ku miƙa wa na kusa da ku waya, ku ce ya nemo lambar wayarku a shafinku. Kada ku taimaka masa. Ku rubuta sau nawa ya danna kafin ya same ta, ku zo da lissafin aji mai zuwa.